Yadda ake tafiyar ƙafa a kurmin gindin tsauni a dawo lafiya

Kurmin da ke gindin tsauni yana da yaudara. Mai niyyar hawa ƙololuwa yakan yi shiri, don ya san abin da ke gabansa. Mai bin turba a ƙasa kuwa sai ya ɗauka yawon shan iska ne, ya fita da gorar ruwa ɗaya da waya mai rabin caji. Na daɗe ina wannan tafiya, kuma kusan duk wuyar da na sha, ko na ga wasu sun sha, a hanyar dawowa ce: ƙafa ta gaji, haske ya ragu, turbar da aka bi da safe ta sauya kama. Don haka za ka ga ina ta komawa kan zancen dawowa tun daga haɗa kaya.

Kayan da za ka tanada

Fara da takalmi, don shi zai yanke maka hukuncin yinin. Nemi mai tsaga-tsaga a ƙasa, wanda ke kama laka da dutse. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka yi tafiyar da ita, kuma ka bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin. Idan babu wannan sararin, a gangara yatsu za su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi. Sabon takalmi ba ya shiga kurmi sai ya yi mako ɗaya ko biyu ana yawo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka da takalmin hawa, kambas na gudu wanda ƙasansa bai cinye ba ya isa a busasshiyar turba. Silifa da takalmi mai sulɓin ƙasa kam, a bar su gida.

Safa ta ulu ko ta zaren roba, ƙafa biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a jaka. Auduga tana shan gumi ta riƙe, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ke yin bororo. Haka zancen yake ga riga: ta ciki ta zama mai saurin bushewa, irin yadin rigar 'yan ƙwallo, sai rigar sanyi mara nauyi, sai rigar ruwa. Ka ɗauki duka ukun ko da rana tana ƙwallewa a bakin turba, domin duk mita 1,000 da ka hau zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5, ga inuwa, ga jiƙaƙƙen baya. In babu rigar ruwa, babbar ledar zuba shara da aka huda wa wurin kai da hannaye tana fid da mutum kunya. Wando ya zama dogo, saboda ƙaya da ƙwari.

Jakar goyo mai cin lita 20 zuwa 30 ta isa tafiyar yini guda, kuma nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinka da yawa. Shimfiɗa leda a cikinta kafin ka zuba kaya. Mai nauyi ya zauna jikin bayanka, abin da za ka nema da gaggawa ya zauna a sama.

Ruwa, lissafa rabin lita ga kowace awa ta tafiya, ka ƙara idan ana zafi. Abinci wanda ba ya lalacewa kuma ba sai an dafa ba, ka ɗauki fiye da abin da kake jin za ka ci.

Sauran ƙanana ne amma ba na fita babu su: taswirar takarda a cikin leda, kamfas mai allurar nuna arewa, waya da batirin ajiya, fitilar goshi, usur, ashana ko laita, 'yar wuƙa, filasta, bandeji mai talewa, maganin ciwon jiki, matsefata, ƙunshi biyu na gishiri da sukari na asibiti, da duk maganin da kake sha kullum. Fitilar nan ita mutane suka fi bari, wai ai kafin la'asar sun dawo. Tocilar waya ba ta maye gurbinta, don tana cinye cajin da za ka kira taimako da shi, kuma tana tare maka hannu ɗaya. Sanda kuma, ko ta kanti ko busasshen reshe mai ƙwari da ya kai maka gwiwar hannu, duk aikinsu ɗaya.

1. Zaɓi turba, ka lissafa lokacinta

Tafiyar farko ta zama a turbar da ke da alamomi kuma mutane ke bi, kilomita 6 zuwa 8 zuwa da dawowa. Kada nisa kaɗai ya zama ma'auninka. Kilomita biyar a fili da kilomita biyar a jikin tsauni sunansu ne kawai ɗaya.

Buɗe taswira. Idan ma'auninta 1:25,000 ne, santimita 4 a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Idan 1:50,000 ne, santimita 2. Siraran layukan nan masu lanƙwasa suna haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka matse da juna, hawa ne mai tsauri. Inda suka ware, ƙasa ta kwanta. Ƙirga layukan da turbarka ta ƙetare tana hawa, ka ninka da tazarar da aka rubuta a gefen taswirar, ka sami jimlar hawan.

Daga nan sai lissafin da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, wanda har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Turba mai kilomita 10 da hawan mita 600 ke nan awa uku. Sai dai lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. A kurmi akwai saiwoyi, laka, kututturen da ya faɗi ya tare hanya, ga hutu, ga ɗaukar hoto. Ni nakan ƙara rabin abin da ya fito, awa ukun ta zama huɗu da rabi. Idan kuna da yawa, ku lissafa da ƙafar wanda ya fi kowa nawa.

Tambayi ma'aikatan gandun dajin ko wanda bai daɗe da bin turbar ba: an rufe wani sashe? Gada tana nan? Ana neman izinin shiga? Lokacin farauta ne? Taswira ba ta san abin da ruwan makon jiya ya yi ba.

2. Duba sama, ka bar saƙo

Duba hasashen yanayi na tsaunin kansa, da daddare da kuma da safe. Idan an ce ruwa mai ƙarfi ko iska mai ƙarfi, ɗage tafiyar, tsaunin ba inda za shi. Iska a kurmi tana karyo busassun rassa daga sama, kuma ba sa sallama.

Sannan ka bar wa wani amintacce rubutaccen saƙo: sunan turbar, inda za ka fara, su wa kuke tare, lokacin da za ka fito, da lokacin da idan bai ji ka ba zai kira masu ceto. Ka ba shi lambar da zai kira, kai ma ka adana ta. Idan ka canza turba a bakin hanya, ka sanar da shi, in ba haka ba za a neme ka inda ba ka je ba. Sauke taswirar yankin a waya tun kana da intanet. Na'urar gane wuri ta waya da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta bukatar sabis, amma hoton taswirar ba zai buɗe ba in ba ka sauke shi ba.

3. Yanke lokacin juyawa tun kafin ka ɗaga ƙafa

Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe. Duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi. Cire awa biyu: ɗaya don a ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga magariba shigowa, musamman idan tsaunin yana yamma da kai ya tare ranar, ɗaya kuma ajiya ce don abin da ba a zata ba. Abin da ya rage shi ne lokacin da ya kamata a ce ka fito. Raba tsakaninsa da lokacin farawarka gida biyu, tsakiyar ita ce lokacin juyawa.

Misali, rana za ta faɗi 6:30, ka fara 8:00. Fita 4:30 ke nan, juyawa kuma 12:15. Sa ƙararrawa a agogo. Idan ta buga, ka juya, ko da kana jin ƙarar magangarar ruwan da ka zo gani. Kuma zan gaya maka gaskiya, a daidai wannan lokacin zuciya za ta ce saura kaɗan, bayan kwanar can ne. Tudun gindin tsauni sun iya wannan wasa: ka hau wanda kake zaton na ƙarshe ne, wani ya leƙo daga bayansa. Shi ya sa ake yanke lokacin a gida, sanda kai ke sanyi. Ruwan shanka ma agogo ne, idan ka sha rabi, lokacin juyawa ya yi ko ƙararrawa ba ta buga ba.

Kada ka ce ai dawowa gangara ce, za ta yi sauri. A turba mai tsauri ko mai santsi, saukowa takan ci lokaci kamar hawa.

4. Kama tafiya

Yi sammako. Minti goma sha biyar na farko ka tafi a hankali fiye da yadda kake so, sannan ka tsaya ka gyara igiyar takalmi da ta jaka, ka cire rigar sanyi kafin gumi ya jiƙa ta. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: idan ba ka iya yin magana jimla guda ba tare da haki ba, ka rage. Hutu minti biyar zuwa goma a kowace awa, kurɓin ruwa akai-akai, kada ka jira ƙishirwa ta kama ka. Idan ka zauna hutu, sa rigar sanyi nan take. Sa wayar a yanayin jirgin sama, don neman sabis inda babu shi ne ke zuƙe batir.

Da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka yana ɗumi ko zogi, tsaya nan take, ka cire takalmi, ka busar da wurin, ka liƙa filasta. Sabon shiga yakan ji kunyar tsayar da mutane, sai ya daure. Minti uku ne a lokacin. In ya zama bororo, ɗingishin sauran yinin ne.

A ayari, mai nawa ya kasance kusa da gaba, gogagge a baya, kuma a kowace mararraba a jira kowa ya iso.

5. Riƙe hanya

Turba takan sami alama: fenti a jikin itace, allo, ko tarin duwatsu. Koyi alamar taka a bakin shiga. Idan ka yi minti goma ba ka ga ko ɗaya ba a turbar da ta saba nuna su akai-akai, tsaya, ka koma ta ƙarshe da ka gani.

A kowace mararraba ka yi abu uku. Duba taswira ka sa yatsa a inda kake. Duba agogo ka riƙe lokacin. Sannan, bayan ka wuce da taku goma, ka juya ka kalli mararrabar ta yadda za ka same ta a dawowa, in so samu ne ka ɗauke ta hoto. Na koyi wannan da tsada. Wata rana ina hawa, wata 'yar turba ta shigo ta hagu ta haɗe da tawa, ban ko lura ba, don ga mai hawa hanyoyi biyu da suka haɗu hanya ɗaya ce. Da na juyo sai ga su biyu a gabana, kuma wadda ba tawa ba ta fi faɗi, ta fi shan sawu. Na bi ta kusan minti arba'in kafin na lura rafin da ya kamata ya kasance a damana yana hagu. Na fito da fitila a goshi, gwiwa na rawa.

Ka kula da hanyoyin da ba na mutane ba. Turbar dabbobi takan fara da kyau, sai rassa su fara dukan ka a ƙirji da fuska, don masu bin ta ba su kai tsayinka ba. Hanyar da ruwan sama ya zaizaye ita ma tana kama da turba, amma kai tsaye take gangarawa, babu sawu, babu reshen da aka sare. Kuma kada ka yanke kwana a inda turba ke hawa tana karkacewa. Yankan yana zaizaye ƙasa, kuma nan ake kauce wa hanya.

Kamfas ba sai ka ƙware ba. Ɗora shi a kan taswira nesa da wuƙa da waya, ka juya takardar har arewarta ta dace da allurar, sai abin da ke hagu a takarda ya zama shi ne a hagunka. In babu kamfas, rana tana ba da gabas da yamma da safe da yamma, amma da tsakar rana ba ta da amfani sosai. Zancen da ake yi cewa gansakuka tana fitowa a gefe ɗaya na itace, kada ka dogara da shi. A kurmi mai laima ko'ina take fitowa. Ɗigon da ke nuna ka a waya shi ma yakan yi tsalle a cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin itatuwa masu duhu, sai ka fito sarari ka ba shi minti ɗaya ya nutsu.

6. Hawa da gangara

A hawa, gajeren taku, tafin ƙafa duka a ƙasa. A gangara, ƙara ɗaure takalmi, sassauta gwiwa kaɗan, kada ka jingina baya, sanda ta riga ƙafa sauka. Jiƙaƙƙiyar saiwa da dutse mai gansakuka sun fi sabulu santsi, taka tsakaninsu. Busasshen ganye yana rufe rami. Kafin ka kama reshe ka ja jikinka, girgiza shi tukuna. Idan za ka kalli wani abu, tsaya ka kalla. Yawancin targaɗen da na gani na masu tafiya ido a sama ne.

7. Ƙetare rafi

Rafin gindin tsauni ruwansa daga sama yake zuwa. Ana iya yin ruwa a ƙololuwa kai kana cikin rana, rafin da ka tsallake da safe a kan duwatsu ya zama kogi da la'asar. Idan ka ga ruwan ya rine ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karare, ko ka ji duwatsu na gungurawa a ƙarƙashinsa, fita daga kwarin ka hau tudu.

In za ka shiga, nemi inda ya yi faɗi ya baje, don inda ya tsuke nan ya fi zurfi da ƙarfi. Duba abin da ke ƙasa da wurin, kada ya zama magangara ko itacen da ya faɗi cikin ruwa. Kwance igiyar ƙugu da ta ƙirji ta jaka, don in ka faɗi ka iya yar da ita. Fuskanci inda ruwan ke fitowa, kafa sanda a gaba, ka matsa gefe-gefe, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Cire safa ka mai da takalmin, kada ka shiga ba takalmi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba na shiga ba ne. Jira ya janye, ko ka juya.

Idan ruwan shanka ya ƙare, kada garai-garai ɗin rafi ya ruɗe ka. Tafasa shi minti ɗaya, ko uku idan ka haura mita 2,000, ko ka sa ƙwayar kulorin ka jira rabin awa. In bukatar bayan gida ta kama ka, yi nisa da ruwa da turba kamar taku saba'in, ka tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe.

8. Idan hadari ya taso

Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, ka raba da uku, ka sami nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30, ta yi kusa. Sauka daga doron tudu, nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da bakin kogo, da ruwa. Shiga cikin gajerun itatuwa masu tsayi ɗaya a wuri mai ɗan ƙasa, amma ba cikin kwarin rafi ba. In kuna da yawa ku warwatsu. Jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Sa rigar ruwa kafin ka jiƙe. Sanyi ba sai da ƙanƙara yake kayar da mutum ba. Jiƙaƙƙen jiki da iska sun isa su sauke zafin jiki ƙasa da digiri 35. Idan abokin tafiya ya fara karkarwa, harshe ya yi nauyi, yana tuntuɓe, cire masa jiƙaƙƙun kaya, sa masa busassu, raba shi da ƙasa da jaka ko ganye, ba shi abin ci.

9. Maciji da ƙwari

Maciji yana gudun mutum in ya sami hanya. Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, kuma idan kututture ya tare hanya, hau kansa ka duba bayansa kafin ka sauka. In an yi sara: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada a bi macijin. A cire zobe da agogo, a sa kara a ɗaure gaɓar don kada ta motsa, a kwantar wa mutumin da hankali, a kai shi asibiti da sauri, a ɗauke in zai yiwu.

Kaska tana jira a kan ciyawa. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET. In ta kama, sa matsefata dab da fata ka ja a miƙe, a hankali, ba murɗawa, ba ƙonawa, ba shafa mai. Tana ɗauke da cututtuka, irin su cutar Lyme a Turai da Arewacin Amurka. Matsattsaku kuma a jiƙaƙƙen kurmi, tura farce ƙarƙashin bakinsa ka ɓamɓare, ka wanke, ka danne. Jinin yakan ɗan jima yana zuba.

10. Idan ka ɓata

Tsaya. Zauna, sha ruwa, ci wani abu. Tsoro yana sa mutum sauri, saurin kuma yana ƙara nisanta shi da inda za a neme shi. Tuna alamar ƙarshe da ka gani da ƙarfe nawa ne. Idan kana da tabbacin hanyar komawa gare ta, sa alama a inda kake, ka koma kana waiwaye. Idan babu tabbaci, ko duhu ya kusa, ko akwai mai rauni, zauna nan.

Cire waya daga yanayin jirgin sama, karanta lambobin wurin da kake daga taswira, ka kira lambar gaggawa. In kira ya ƙi, tura gajeren saƙo, yakan fita inda murya ba ta fita. Busa usur sau uku, ka yi shiru ka saurara, ka maimaita; a duwatsun Alps sau shida ake busawa a minti ɗaya. Usur ya fi ihu nisa kuma ba ya kashe murya.

Za ka ji ana cewa bi rafi zai kai ka gari. A fili wataƙila. A jikin tsauni rafi yana bin hanya mafi tsauri, ya kai ka bakin magangara inda ba gaba ba baya, ga ƙararsa ta hana ka jin masu kiran sunanka. Idan kwana ya kama, shirya tun da sauran haske: tara ganye mai kauri ka zauna a kai, sa duk tufafinka, shiga ledar nan, rataye wani abu mai launi inda za a hango.

11. Bayan ka fito

Tun kana bakin turba ka kira wanda ka bar wa saƙo, kada ya tayar da mutane a banza. Fito da duk sharar da ka shiga da ita. A gida, duba jikinka saboda kaska: hammata, bayan gwiwa, ƙugu, bayan kunne, cikin gashi. Idan zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya a makonnin da ke tafe, je asibiti ka faɗa musu ka shiga daji. Cusa takarda a cikin takalmin ka ajiye shi a inuwa ya bushe, kada ka kai shi bakin wuta. Sannan, kafin ka manta, rubuta awa nawa tafiyar ta ci a zahiri kusa da abin da ka lissafa. Bayan tafiya uku ko huɗu za ka san nawa ƙafarka take ƙarawa a kan lissafin Naismith, da wannan adadin za ka yanke lokacin juyawa na gaba.